Mutum Takwas Da Suka Ba Duniya Aron Ƙeyarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi tsokaci a kan wani labari da kuka buga kwanakin baya a shafin kimiyya, mai kanun cewa wai na'ura ta fara karanta abin da ke cikin zuciyar mutum. Sau biyu na karanta shi. Gundarin labarin ba laifi, amma kanun ya wuce gona da iri, kuma a ganina an saki reshe an kama ganye. Reshen shi ne bayanan da aka yi aikin da su: daga kan su wa aka ɗauko su, kuma ta yaya suka isa hannun masu binciken da ba su taɓa haɗa ido da mutanen ba. Layi ɗaya tak kuka ba wannan, shi ma can a gindin labarin, inda mai karatu ya riga ya gaji.

Ni tsohon malamin kimiyya ne. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyarwa a sakandare kafin in ajiye alli. Duk tsawon shekarun nan hanya ɗaya nake koyar da darasin gani: in zana ido a allo, in nuna haske yana shiga, in nuna hoto ya faɗa a bayan ido kai ƙasa ƙafa sama, sannan in ja wata 'yar kibiya in rubuta "ƙwaƙwalwa" a bakinta, in ce a rufe littafi. Ashe a bakin kibiyar nan sanina ya tsaya. Ban gane haka ba sai da yayana ya kwanta ciwo.

Shekara huɗu ke nan. Ya tashi da safe yana cewa kansa na sara, kafin la'asar ya fara buge gefen ƙofa da kafaɗarsa ta dama. Muka ɗauka ciwon ido ne, tunda shekaru sun ja. Likitan ido ya duba ya ce idanun nan biyu garau suke, a je a ɗauki hoton kai. Hoton ne ya nuna wata jijiyar jini ta toshe a ƙeyarsa, ta ɓangaren hagu. Hannu bai shanye ba, ƙafa ba ta shanye ba, magana na fita tar. Abin da ya tafi shi ne rabin duniya. Duk abin da ke dama da inda ya kafa ido ba ya ganinsa, ko da wane idon ya duba. Na tambaye shi, "Yaya, duhu kake gani a wajen?" Sai ya ce, "Kai duhu kake gani a bayan kanka? Babu ne kawai." Karatun boko ya gagare shi, don kalmar da ke tafe kullum tana dama, a cikin babun nan. Rubutun Larabci kuwa, da yake daga dama yake tafiya zuwa hagu, yana iya binsa a hankali, sai dai laluben farkon sabon layi ya ba shi wuya.

Daga nan na koma ɗalibi da furfurata. Na tarar Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, tun kimanin shekara 1,000 da suka wuce ya kafa hujja cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, kuma ya ce gani ba ya cika a ido sai hankali ya yanke hukunci a kan abin da ya shigo. Na tarar da wani likitan ido ɗan Japan, Tatsuji Inouye, wanda ya bi sojojin da harsashi ya ratsa ƙeyarsu a yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905. Yakan auna inda harsashin ya shiga da inda ya fita, sannan ya auna wane yanki na gani sojan ya rasa. A 1909 ya fitar da sakamakonsa, daga baya Gordon Holmes na Birtaniya ya yi irin wannan da sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abin da suka gano shi ne akwai taswirar duk abin da ido ke gani a shimfiɗe a ƙeya. Dama tana hagu, hagu tana dama, sama tana ƙasa, kuma ɗan tsakiyar nan da mutum ke kafa wa ido ya cinye fili mai yawa fiye da rabonsa. Ciwon yayana ke nan, an rubuta shi tun kafin a haifi mahaifinmu. Amma duba tsadar wannan ilimi: sai an jira bala'i ya faɗa wa wani kafin a ƙaru da shafi ɗaya.

Na'urar da kuka yi magana a kai ita ta kawo ƙarshen wannan jira, kuma ya kamata masu karatu su san abin da take aunawa, don a nan ne kanun naku ya kauce. A 1990 Seiji Ogawa, yana aiki a Amurka, ya nuna cewa jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ya riga ya sauke shi ba sa amsa wa maganaɗisu iri ɗaya, kuma na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, tana iya ganin bambancin. Idan wani yanki na ƙwaƙwalwa ya kama aiki, jiki yakan turo masa sabon jini har fiye da buƙatarsa. Wannan kwararar jinin ita ake gani. A gwaje-gwajen farko, a 1991 da 1992, fitila mai walƙiya aka haska wa mutane a ido, aka ga ƙeyarsu ta amsa. Jinin kuwa ba shi da gaggawa, sai bayan daƙiƙa biyar ko shida yake kaiwa ƙololuwa, alhali ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sun gama aikinsu tun kafin ƙiftawar ido. Kuma na'urar takan yanka ƙwaƙwalwa zuwa 'yan akwatuna masu faɗin milimita biyu ko uku, kowane akwati da dubban ɗaruruwan ƙwayoyi a ciki, ta ba shi lamba ɗaya. Kwatankwacin mutumin da ke son sanin abin da ake tattaunawa a wani ƙaton bene, an hana shi shiga, sai ya tsaya a waje da dare yana duba wane ɗaki aka kunna wa fitila, ita ma fitilar ba ta kamawa sai an daɗe da fara magana. Mai haƙuri zai koyi abubuwa da yawa a haka. Sirrin zuciya dai ba ya cikinsu.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bara 'yar ƙanwata, mai karatun kwamfuta a jami'a, ta zo mana hutu ta tarar da ni cikin takardun nan. Ta ce, "Kawu, kana so ka ga ƙwaƙwalwar mutum lokacin da yake kallon kyanwa?" Na ɗauka tsokana ce irin tasu. Sai ta buɗe kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, ta rubuta 'yan layuka, ta ce mu jira. Abin da ta sauke daga intanet, kyauta, bayanan wani bincike ne da James Haxby da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 a Amurka. Mutum shida aka sa a na'ura, aka nuna musu hotuna iri takwas: fuskoki, gidaje, kyanwoyi, kwalabe, almakasai, takalma, kujeru, da wasu hotunan da aka dagula ba su da siffa. An ɗauki bayanan nan kafin a haifi yarinyar da ke zaune gefena tana juya su.

Kada mai karatu ya zaci wani abin kallo ne. Toka-toka ne, dishi-dishi, sai tulin lambobi. Ta raba bayanan mutum ɗaya gida biyu. Da kaso mai yawa ta koyar da kwamfuta, tana faɗa mata, ga yadda jini ya bazu lokacin da ya ga fuska, ga yadda ya bazu lokacin da ya ga gida. Sauran kason ta ɓoye amsarsa ta ce kwamfuta ta canka. Tsakanin fuska da gida kusan ba ta kuskure. Tsakanin kwalba da almakashi da takalmi sai ta riƙa ruɗewa, abin da ya ba ni dariya, don na tuna ɗalibaina. Ta bayyana mini cewa a lokacin ana cikin wata muhawara: Nancy Kanwisher a 1997 ta nuna wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke amsa wa fuska fiye da komai, shi kuma Haxby ya nuna cewa ko an cire yankin da ya fi amsawa daga lissafi, sauran wurin yana ɗauke da alamar abin da aka kalla. Ni ban isa in raba musu gardama ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ga wata ɗaliba da ba ta taɓa shiga ɗakin na'urar ba, tana gwada maganar manya da hannunta, ta cire wannan yanki, ta mayar, ta sake lissafi, ba wanda ya tambaye ta ko ita 'yar wa ce.

Waɗancan mutum shida somin taɓi ne. Bayanan da suka haifi irin labarin da kuka buga na wasu mutum takwas ne, kuma su nake so a sani. A Jami'ar Minnesota ta Amurka, Kendrick Kay da Thomas Naselaris da Emily Allen da abokan aikinsu suka shirya wani aiki da suka kira Natural Scenes Dataset, wato tarin bayanan ƙwaƙwalwa yayin kallon hotunan rayuwar yau da kullum. Na'urar da suka yi amfani da ita mai ƙarfin tesla 7 ce, wato maganaɗisunta ya ninka na duniyar da muke takawa kimanin sau 140,000. Kowane ɗaya daga cikin takwas ɗin nan ya riƙa zuwa yana kwanciya a cikinta, zuwa 30 har 40, a tsawon kamar shekara guda. A kowane zuwa akan gilma masa hoto sau 750. Hoto ya tsaya daƙiƙa uku, a huta daƙiƙa ɗaya, wani ya zo. Ido a kafe a kan wani ɗan ɗigo a tsakiya, kai ba motsi, hannu a kan maɓalli, yana dannawa don nuna ko ya taɓa ganin wannan hoton ko bai taɓa ba, alhali mai yiwuwa watanni ne tsakanin ganin farko da na biyu. Huɗu daga cikinsu suka cika zuwa 40 cif, wato kowannensu ya kalli hotuna 10,000, kowane hoto sau uku. An ware hotuna 1,000 da kowa zai gani don a iya kwatanta ƙwaƙwalwa da ƙwaƙwalwa, sauran kowa da nasa. A haɗe, hotuna daban-daban sama da 70,000.

Malam Edita, ko ka taɓa shiga na'urar nan? Ni ban shiga ba, amma na zauna a bakin ƙofa ranar da aka sa yayana. Rami ne matsattse, ga ƙara kamar ana dukan ƙarfe a kan kunnenka. Minti ashirin ya yi ya fito yana cewa ko da kuɗi ba ya ƙarawa. Waɗannan kuwa lafiyarsu ƙalau, ba magani suke nema ba, suka riƙa komawa mako bayan mako. Ba mu san sunayensu ba, kuma daidai ne kada mu sani. A cikin bayanan lamba ce kawai, daga ɗaya zuwa takwas. Da aka gama, masu binciken ba su kulle abin a aljihun tebur suna tatsarsa su kaɗai har su yi ritaya ba, ko da yake da sun yi haka ba wanda zai ce sun ci haƙƙin wani. Suka shimfiɗa shi a intanet, duk mai so ya cike takardar alkawari ya sauke.

A 2023 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Osaka ta Japan, Yu Takagi da Shinji Nishimoto, suka ɗauki bayanan huɗu daga cikin takwas ɗin, suka haɗa da wata manhajar ƙirƙirarriyar basira mai zana hoto da ake kira Stable Diffusion, suka fitar da hotunan da suka yi kama da abin da mutanen ke kallo: jirgin ƙasa, jirgin sama, hasumiya mai agogo. Ina kyautata zaton daga nan labarinku ya samo tushe. Aiki ne na ban mamaki, ban rage masa komai ba. Sai dai a lura, hoton da ke gaban idon mutumin a daidai lokacin shi aka zana, ba abin da yake ƙullawa a ransa ba. Kuma sai da aka horar da kwamfuta a kan kowane mutum shi kaɗai, da awanni masu yawa na kwanciyarsa da son ransa, don abin da aka koya a kan Lamba Ɗaya ba ya zama daidai a kan Lamba Biyu. Sannan mai zanen yana cike giɓi da abin da ya riga ya sani daga miliyoyin hotunan da aka horar da shi da su. Ƙwaƙwalwa ta ce masa hasumiya ce, tana tsakiya, doguwa ce, shi kuma ya zana wata hasumiyar da ta yi masa kyau. Wanda ya ƙi ba da haɗin kai, ya girgiza kai ko ya rufe ido, ya gama da su. Don haka masu karatun da kanun nan ya tsorata su kwantar da hankali. Abin lura a nan shi ne mutum biyu a Japan sun yi wannan aikin da ƙeyar mutanen da ke wata nahiyar, ba tare da sun kunna na'urar ko sau ɗaya ba.

Wani zai ce to, kyauta ce kawai ta masu hali. Ni a wurina ta fi ƙarfin kyauta, kuma dalilina na malamin aji ne. Ban taɓa ba yaro cikakken maki don ya rubuta amsa kaɗai ba. Nakan ce, nuna mini hanyar da ka bi. Wannan fanni yana buƙatar wannan dokar fiye da kowane, don hanyar daga lambobi zuwa kyakkyawan hoton ƙwaƙwalwa mai ɗigon ja da ruwan ɗorawa da ake bugawa a jaridu doguwa ce, cike da mararraba. A 2009 Craig Bennett da abokansa suka ba da labarin yadda suka sa mataccen kifi a na'ura, suka nuna masa hotunan mutane, suka "tambaye" shi halin da mutanen ke ciki. Da suka yi lissafi ba tare da wani gyaran da ya wajaba ba, sai ga ɗigo ya haska a kan kifin. Dalili a fili yake: in ka gwada dubban akwatuna a lokaci ɗaya, dole wasu su faɗo daidai bisa katari. An yi dariya, har aka ba su lambar Ig Nobel, wadda ake ba binciken da ke sa dariya sannan ya sa tunani, a 2012, amma saƙon ya isa.

Wanda ba na dariya ba ya zo a 2016. Anders Eklund da Hans Knutsson na Suwidin, tare da Thomas Nichols a Ingila, suka ɗauko bayanan mutum 499 masu lafiya da aka ɗauka suna kwance ba sa yin komai. Suka riƙa raba su rukuni-rukuni da ka, suna tambayar manyan manhajojin da ake aiki da su ko akwai bambanci tsakanin rukunan. Bai kamata a samu ba, sai dai kuskuren da aka yarda da shi, kashi 5 cikin 100. A wasu hanyoyin lissafin da aka saba bi, kuskuren ya kai kashi 70 cikin 100. A cikin aikin ne kuma aka tono wani kuskure da ya shekara 15 yana kwance a ɗaya daga cikin manhajojin. Ina suka samo mutum 499? Daga rumbun da wasu suka buɗe. Da kowa ya rungume nasa, da har yau ana tafiya a haka. A 2020 kuma aka ba ƙungiyoyin bincike 70 bayanai iri ɗaya da tambayoyi tara iri ɗaya. Ba a samu biyu da suka bi hanya ɗaya sak ba, kuma a tambayoyi da dama amsoshinsu suka saɓa. Duk masana ne, ba wanda ya yi maguɗi. Wanda ya ji wannan ba zai ƙara yarda da sakamakon da aka ce masa ga amsa, amma bayanan na gida ne ba. Shi ya sa nake ganin ƙimar rumbu irin OpenNeuro, wanda Russell Poldrack da mutanensa a Jami'ar Stanford ke kula da shi, da kuma tsarin bai ɗaya na jera fayiloli da sa musu suna da aka fitar a 2016. Aiki ne mara armashi, ba ya shiga kanun labarai, amma in babu shi, abin da ka sauke tarkace ne da mai shi kaɗai ya san kansa.

Duk da haka ba zan ɓoye abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba. Hoton kai ba ƙwaƙwalwa kaɗai yake ɗauka ba, har da fata da hanci da kunne. A 2019 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka gwada: suka sake gina fuskokin 'yan sa-kai 84 daga hoton MRI, suka ba manhajar gane fuska ta haɗa su da hotunansu na kyamara. Ta gane 70. Saboda irin wannan ne ake aske fuskar daga hoton kafin a saka shi a rumbu. Amma ko an aske, a 2015 Emily Finn da abokan aikinta a Jami'ar Yale sun nuna cewa yadda sassan ƙwaƙwalwar mutum ke tashi da sauka tare yana da kama da zanen yatsa: cikin mutum 126, sun iya haɗa hoton mutum na yau da nasa na wata ranar, daidai fiye da kashi 90 cikin 100. Mutanen nan shida na 2001, lokacin da suka sa hannu a takardar amincewa, babu cikinsu wanda ya yi mafarkin manhajojin yau. Kuma abin da aka saka a intanet zarar bunu ne, in ya fita ba ya komawa. Wanda ya sauke ya sauke. Ƙasar Chile a 2021 ta gyara kundin tsarin mulkinta don kare aikin ƙwaƙwalwa da bayanan da ke fitowa daga gare ta. Ni ra'ayina a buɗe ƙofa, amma a sa mai gadi: a san wanda ya shiga, ya yi alkawarin ba zai nemi gano kowa ba, kuma a faɗa wa ɗan sa-kai gaskiya tun farko da harshen da yake ji, cewa abin nan zai yi yawo a duniya bayan ransa. Wanda ya ba ka aron ƙeyarsa amana ya ba ka.

Abu na biyu da ke damuna shi ne yawan cewa "ƙwaƙwalwar ɗan Adam" alhali mutum takwas ake nufi, matasa, mazauna yanki ɗaya. Hotunan da aka nuna musu ma daga wani rumbu aka kwaso su na hotunan da mutane suka ɗora a intanet, cike da masu zamiya a dusar ƙanƙara da masu hawan igiyar teku da 'yan wasan ƙwallon sanda. Duniyar wasu ce, ba ta kowa ba. Na san amsar masu binciken, kuma tana da ƙarfi: don gane yadda ƙeya ke warware layi da launi da siffa, gara a haƙa rijiya takwas masu zurfi da a tona ramuka dubu. Na yarda da wannan a matakin farko na gani. Amma an san cewa faɗin yankin farko na gani yakan ninka sau biyu ko fiye tsakanin mutum da mutum. Kuma Stanislas Dehaene da abokan aikinsa, a binciken da suka wallafa a 2010 a kan manya a Barazil da Fotugal, waɗanda suka yi karatu tun suna yara da waɗanda suka koya da girma da waɗanda ba su koya ba, sun nuna cewa koyon karatu kansa yana sauya yadda ɓangaren gani ke amsawa. In har abin da ido ya saba gani yana sassaƙa ƙwaƙwalwa, to takwas ba su wakilci biliyan takwas ba. Akwai wata babbar taswirar gani da aka fitar a 2018 daga mutum 181 na shirin Human Connectome Project mai nazarin yadda sassan ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da juna, ita ma a buɗe take, amma 'yan shekara 22 zuwa 35 ne. Birtaniya ta ɗauki hanyar yawa, da shirin ɗaukar hoton mutum 100,000 masu manyan shekaru. Duk dai a 'yan ƙasashe ƙalilan abin yake zagayawa. Ƙofar nazari ta buɗe wa duk mai kwamfuta da intanet, 'yar ƙanwata shaida ce. Ƙofar ɗaukar hoton kuwa tana hannun masu na'ura, su ke zaɓen wanda zai kwanta da abin da zai kalla.

Roƙona gare ku, in kun sake kawo irin wannan labari, ku faɗa mana mutum nawa ne, su wane iri ne, awa nawa suka yi a ciki, kuma ko an buɗe bayanan don wasu su bi sawu. Ku kuma sanar da ɗalibanmu masu lissafi da kwamfuta cewa rumbunan nan suna nan, don da yawansu ba su sani ba.

Da na gama rubuta wannan sai na karanta wa yayana, ina zaune ta hagunsa inda yake ganina. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To duk wannan zai dawo mini da damata?" Na ce a'a Yaya, ba yanzu ba, ba kuma zan yi maka alkawari ba. Ya yi shiru. Can ya tambaya ko nasa hoton yana cikin rumbun. Na ce naka yana kan faifai a cikin akwatin takardunka, inda muka ajiye shi tun ranar. Ya ce, "Zaman me yake yi a can? In zai amfani wani ku ba su. Amma a aske fuskar tukuna, ban yi gyaran gemu ba ranar."

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Tsohon malamin kimiyya, mai karanta jaridarku a kullum